Gyaran gida a Amurka: bashin a wuyanka, a kan mita, ko a kan gidan?

Hunturun farko da muka yi a gidan da muka saya a arewacin jihar Niyok, takardar kuɗin gas ta watan Janairu ta zo, na buɗe ta a tsaye a bakin ƙofa, sai da na sake duba adireshin don in tabbatar tamu ce. Ga kuɗi masu yawa, ga shi kuma ba mu ji ɗumin da muka biya ba. Duk watan nan yara da rigunan sanyi suke kwana, uwargida ta jera tsofaffin tawul a gindin ƙofar kicin saboda iskar da ke kutsowa ta ƙasa, tukunyar ɗumama gida kuwa ba ta hutawa dare da rana. Mu da muka tashi a gidan ƙasa mun san aikin bango mai kauri: da rana ɗaki ya yi sanyi, da daren hunturu ya riƙe ɗumi. Gidajen nan na katako ne, kuma wanda ya kai shekara sittin ko saba'in ba a taɓa gyara shi ba, ɗumama shi kamar zuba ruwa ne a kwando.

Na kira masu binciken gida, wanda a jiharmu kyauta ne. Mutum ɗaya ya zo da wani jan ƙyalle mai firam, ya toshe ƙofar gaba da shi, ya kafa babbar fanka a tsakiya, ya ce a rufe tagogi duka. Da fankar ta fara zuƙe iskar cikin gida tana fitarwa waje, sai duk wata ɓoyayyar kafa ta tona kanta. Ya ce in sa bayan hannuna kusa da soket ɗin falo. Iska ce mai sanyi ke hurowa kamar an buɗe firji. Ya bi gindin bango da wani ɗan abu mai fitar da hayaƙi, hayaƙin yana karkacewa duk inda iska ke shigowa: gefen bututun ruwa, murfin hawa saman silin, inda katakon gida ya zauna a kan tushe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, namu kuwa tsagar ba ta ƙirguwa. Ya hau saman silin ya sauko ya nuna mini hoto a wayarsa. Audugar tare sanyi da aka shimfiɗa tun zamanin masu gidan na farko ta kwanta, ba ta fi kaurin yatsu uku ba.

Ya yi lissafi: a toshe kafofi, a cika saman silin da sabuwar auduga, a canja tsohuwar tukunya. Kuɗin ya tasam ma dala 10,000. Ba ni da su a ajiye, kuma na san yawancinmu haka muke, ga biyan kuɗin gida, ga na aikawa gida duk ƙarshen wata.

Daga nan na shiga bin diddigin hanyoyin da kamfanonin wuta da gas da ƙananan hukumomi suka buɗe don irin wannan aiki. Sunayen suna da yawa, kowace jiha da nata, amma in ka tace su uku ne. Kowa ruwan da aka ɗora yake fara tambaya, kuma da gaskiyarsa. Ni dai abin da na gano ya fi ruwan muhimmanci shi ne inda aka ɗaure bashin, domin shi zai gaya maka abin da za ka rasa ranar da ka kasa biya, da abin da zai faru ranar da za ka tashi daga gidan.

Kafin maganar bashi ta taso, a fara neman na kyauta. Tun 1976 gwamnatin tarayya ke da shirin toshe gidaje daga sanyi da zafi ga masu ƙaramin ƙarfi, kuma iyalin da abin da suke samu bai wuce ninki biyu na ma'aunin talauci na tarayya ba sun cancanta. Ma'aunin yana hawa da yawan mutanen gida, don haka mai 'ya'ya biyar ko shida da yake ganin albashinsa ya yi yawa, ya duba kafin ya cire rai. Masu haya ma suna shiga in mai gida ya yarda. Layin jira yana da tsawo, amma ba a biyan ko sisi. Sassaucin haraji na tarayya da ake samu a kan irin wannan gyara kuwa ya ƙare a ƙarshen 2025, kada ɗan kwangila ya sa maka shi a lissafi.

Hanya ta farko rance ne sak, da sunanka, sai dai ba banki kake kai kuɗin ba, a takardar kuɗin wuta ake ƙara shi duk wata. A Niyok hukumar makamashi ta jiha, NYSERDA, ita ke ba da kuɗin, kamfanoni irin su National Grid da Con Edison su karɓo mata. An fara a 2012. Ana ba da har dala 25,000, a biya cikin shekara 5 ko 10 ko 15, da sharaɗin abin da za ka riƙa biya duk wata kada ya wuce abin da aka ƙiyasta gyaran zai rage maka. Suna duba tarihin biyan bashinka, kuma suna kai sanarwa ofishin gunduma a rubuta ta a takardun gidan, don mai saye nan gaba ya san da ita. Sanarwar ba jingina ba ce.

A garuruwan da hukumar birni ce da kanta take da kamfanin wuta, abin ya fi zuwa da sauƙi, tun da mai ba da rancen shi ne mai karɓar kuɗin wuta. Tallahassee a Fulorida ta daɗe tana yi tun shekarun 1980. Holland a Michigan ta fara a 2016, Fort Collins a Colorado ma tana da nata. Portland a Oregon ba ta da kamfanin wuta nata, sai a 2009 ta haɗa kai da kamfanonin wuta da na gas da wata cibiyar ba da rance ta al'umma, aka yi gwaji da gida 500. A karkara kuma, ma'aikatar noma ta tarayya tana ranta wa ƙungiyoyin wuta na gama-kai kuɗi babu ruwa, su kuma su ranta wa membobinsu da ruwan da bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba, a biya cikin shekara 10. Gwajin da irin waɗannan ƙungiyoyi suka yi da gida 125 a South Carolina ya rage wutar da gidajen ke sha da kashi 34 cikin ɗari.

Wanda ke Massachusetts ya fi kowa sa'a a wannan fage. Shirin Mass Save na kamfanonin wuta da gas yana da rance har dala 25,000 da ba a ɗora wa mai gida ruwa ko kaɗan, a biya cikin shekarun da ba su wuce 7 ba. Banki ake biya, ba a takardar wuta yake zuwa ba, kamfanonin ne suke ɗauke nauyin ruwan.

Aibin wannan hanya a fili yake. Bashinka ne. In gyaran bai rage abin da aka ce zai rage ba, biya ba ya sauka. In na'urar ta lalace bayan garanti ya ƙare, kai da aljihunka. Wanda bai daɗe a ƙasar ba, makinsa na biyan bashi bai yi ƙwari ba, yana iya zuwa a ce masa a'a. Mai haya kuwa galibi ba shi a lissafi. Kuma tun da a takardar wuta yake, rashin biya yana iya kaiwa ga yanke wuta.

Hanya ta biyu ita ce na so a ce akwai ta a garinmu. Ana kiranta PAYS, ma'ana ka biya daga abin da ka rage. Mutum biyu ne a Vermont, Harlan Lachman da Paul Cillo, suka tsara ta a 1999, aka fara gwada ta a New Hampshire a 2002. A nan ba a ranta maka komai. Kamfanin wuta ne ke zuba kuɗinsa a gyaran gidan, kamar yadda yake zubawa a turaku da taransifoma, sa'an nan ya dawo da kuɗinsa ta wani ƙayyadadden caji da ya ɗaure a jikin mitar gidan. Cajin ba ya wuce kashi 80 cikin ɗari na abin da aka ƙiyasta za a rage, kuma ba a daɗe ana karɓarsa fiye da kashi 80 cikin ɗari na tsawon ran kayan da aka sa, yawanci wajen shekara 12. Ba a duba makinka, iyaka a duba ko kana biyan kuɗin wutarka. Ba a rubuta bashi da sunanka, ba a taɓa takardun mallakar gidanka da jingina. In kayan suka lalace ba da laifinka ba kuma ba a gyara ba, cajin yana tsayawa. Ranar da ka tashi, ka bar shi nan, wanda ya shigo ya ci gaba.

Na san wannan magana ta ƙarshe za ta sa gaban wasu ya faɗi, nawa ma ya faɗi da na fara jin ta. Duk wanda ya taɓa kama haya a Kano ko Kaduna ya tarar da bashin wutar wanda ya tashi, ana cire masa duk lokacin da ya sa kati, ba ya son jin an haɗa kalmar mita da kalmar gado. Amma abubuwan biyu ba ɗaya ba ne. A can wutar da wani ya sha ya tafi kake biya. A nan audugar tana saman silin ɗinka, na'urar tana ɗumama ɗakinka, kuma dole a sanar da kai kafin ka shiga. Abin da na baya ya ƙi biya a zamansa, shi ake bi.

Kamfanin Midwest Energy a Kansas yana yin irin wannan tun wajen 2008. Ƙungiyar gama-kai ta Roanoke a North Carolina, yankin da talauci ya yi yawa kuma baƙaƙen fata ne mafi yawan membobinta, ta fara a 2015. Ta Ouachita a kudancin Arkansas a da rance take bayarwa, sai a 2016 ta koma wannan tsari, masu shiga suka ƙaru sosai, har da masu haya waɗanda a da ba su da ƙofa. Daga 2021 manyan kamfanoni biyu na Missouri, Ameren da Evergy, su ma suka shigo.

Bari in buga misali da lissafin gidana, don a ga inda gizo ke saƙa. A ce an ƙiyasta gyaran dala 10,000 zai rage dala 75 a wata. Kashi 80 na wannan dala 60 ke nan. A shekara 12, wata 144, kamfani zai karɓi dala 8,640. In kuɗin da shi kamfanin ya samo suna cin masa kashi 3 cikin ɗari a shekara, abin da zai iya zubawa a gidan bai wuce dala 7,200 da 'yan kai ba. Ragowar kusan dala 2,800 sai ka ciko daga aljihunka tun farko, ko a rage aikin. Shi ya sa a wannan tsari ba kasafai ake canja tagogi ba, domin suna da tsada kuma abin da suke ragewa kaɗan ne. Toshe kafofi da auduga da gyaran bututun iska su ne suke biyan kansu. Wani zai ga wannan takura ce. Ni ina ganin kariya ce, tun da kamfanin da kuɗinsa ke ciki ba zai yarda a sayar maka da abin da ba zai dawo da kuɗin ba. Babban aibinsa dai shi ne ƙarancinsa. Jihohi kaɗan ne ke da shi, kuma ko a cikinsu ba kowane kamfani ba. Yanke wuta kuma yana nan ga wanda ya ƙi biya.

Duka hanyoyin nan biyu a kan kalma ɗaya suke tsaye, wato ƙiyasi, kuma ya kamata a tsaya a kanta. Masana tattalin arziki uku, Meredith Fowlie da Michael Greenstone da Catherine Wolfram, sun bi gidaje kusan 30,000 a Michigan a kan shirin gyaran kyauta na tarayya, suka tarar abin da kwamfuta ta ce za a rage ya ninka abin da aka rage a zahiri fiye da sau biyu. An rage, amma kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ne kawai. In gyaran kyauta ne, ko yaya riba ce. In bashi ne aka auna a kan wancan ƙiyasi, giɓin kai zai faɗo wa. Akwai kuma halin ɗan'adam: iyalin da suka shekara suna kwana da rigar sanyi, ranar da gida ya fara riƙe ɗumi za su ƙara zafin, kuma ba laifi suka yi ba. Don haka ka nace a yi lissafin da takardun wutarka da gas na wata 12 da suka wuce, ba da na wani gida irin naka ba, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa za a dawo da fankar nan bayan an gama aiki a sake aunawa.

Birtaniya ta gwada makamancin haka a faɗin ƙasa. A Janairun 2013 ta ƙaddamar da shirin Green Deal, caji a kan mita, da ƙa'idar cewa biya ba zai wuce abin da aka rage ba. Sai aka ɗora ruwa tsakanin kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. A Yulin 2015 gwamnati ta daina zuba masa kuɗi, kuma ofishin binciken kuɗi na ƙasar ya ce gida 14,000 kacal suka karɓi rancen, bayan an kashe fam miliyan 240. Ɗaure biya a jikin mita bai isa ba in kuɗin da aka kawo masu tsada ne.

Ina cikin wannan bincike wani yayana da ke Fulorida ya kira ni bayan sallar isha'i. Kamfanin inshora ya rubuto masa cewa rufin gidansa ya tsufa, in bai canja ba ba za su sabunta masa ba. Ba a yi mako ba sai ga ɗan kwangila ya ƙwanƙwasa ƙofa riƙe da kwamfutar hannu. Ya ce masa shirin gwamnati ne, ba zai ba da ko sisi yanzu ba, ba ruwansu da makinsa, biyan farko sai baɗi, kuma in ya sayar da gidan bashin ya bi gidan. Har ya ƙara masa da tagogin guguwa da sabuwar na'urar sanyaya ɗaki. Yana tsaye a falo lokacin da Yaya ya kira ni.

Na ce, “Yaya, don Allah kada ka ɗora yatsanka a allon nan. Ka ce ya bar maka takardu, ka ba ni kwana biyu.”

Ya ce, “To ai ya ce na gwamnati ne.”

Na ce, “Na ji, Yaya. Ka tambaye shi ta ina za a riƙa biya.”

Ya tambaya. Ta harajin gida.

Wannan ita ce hanya ta uku, PACE, wato bashin gyara da ake ɗaurawa a kan gidan a riƙa biya ta harajinsa. A Berkeley ta Kalifoniya aka haife ta a 2008, kuma da kyakkyawar niyya. Cisco DeVries, shugaban ma'aikatan magajin garin a lokacin, ya ce tun da birni yana iya yin kwalbati ko binne wayoyin wuta a unguwa ya raba kuɗin a harajin gidajen da suka amfana, me zai hana a yi wa gida ɗaya haka don ya sa sola ko ya gyara rufi? Ƙaramar hukuma ta ba da izini, a sayar da takardun lamuni ga masu zuba jari, a biya ɗan kwangila, mai gida ya riƙa biya tare da harajinsa na tsawon shekarun da kan kai 20 ko fiye. A aikace kamfanoni masu zaman kansu ne ke tafiyar da komai, 'yan kwangila su ne dillalai, hukuma sunanta da takardar harajinta kawai ta ba da aro. Da ɗan kwangilar ya ce na gwamnati ne, iyakar gaskiyar maganar ke nan.

Haraji shi ne gaba da kowane bashi a kan gida, gaba ma da bankin da ya ba ka kuɗin saye. Wanda ya kasa biyan rancen takardar wuta, wuta za a yanke masa. Wanda ya kasa biyan wannan, gidan ne a bakin gwanjo. Saboda wannan fifiko ne tun Yulin 2010 hukumar da ke kula da Fannie Mae da Freddie Mac, manyan cibiyoyi biyu da ke sayen basussukan gidaje daga bankuna, ta ce ba za su taɓa bashin gidan da ke ɗauke da irin wannan jingina ba. Hukumar FHA ta tarayya, mai tsaya wa basussukan sayen gida da inshora, ita ma ta bi sahu a Disambar 2017. Sakamakonsa shi ne maganar “bashin zai bi gidan” a takarda kawai ta tsaya. Ranar sayarwa, bankin mai saye zai ce sai an biya shi kaf, daga kuɗinka. Haka in ka so sake tsarin bashin gidanka. 'Yan'uwa da suka sayi gida ta kamfanonin da ke bin tsarin Musulunci, irin su Guidance Residential, su sani su ma da Freddie Mac ake aiki, don haka abin ya shafe su.

Akwai kuma wani rami da mutane ba sa gani. Yawancinmu ba mu biyan haraji da hannunmu, bankin gida ne ke tara shi kaɗan-kaɗan a cikin biyan wata ya biya mana. Shekarar da cajin ya fara fitowa a takardar haraji, banki zai biya, ya tarar asusun ya yi giɓi, sai ya ƙara maka kuɗin wata don cike giɓin bara da tanadin na bana a lokaci ɗaya. Mutum ya shekara yana jin daɗin bai biya komai ba, rana ɗaya wasiƙa ta zo. Hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi ta tarayya, CFPB, ta fitar da rahoto a 2023: matsakaicin ruwan wannan bashi kashi 7.6 ne cikin ɗari, yana ƙara wa harajin gida wajen dala 2,700 a shekara, ƙarin kashi 88 cikin ɗari ke nan, kuma masu shi sun fi saurin kasa biyan bashin gidansu. Da wannan ruwa, dala 10,000 a shekara 20 za su koma kusan 19,800, ban da kuɗin ofis da ake ƙarawa a kai. Su dala 10,000 ɗin nan a kashi 5 cikin shekara 10 wajen 12,700 ne, a Mass Save kuwa 10,000 ɗin ne dai. Kuma babu sharaɗin cewa aikin sai ya rage kuɗin wutar da zai biya kansa.

Gundumar Los Angeles ta rufe nata shirin a 2020 bayan koke-koke sun yi yawa, musamman daga tsofaffi da waɗanda Turancinsu bai nuna ba. Kamfanin Renovate America, wanda a da shi ne babba a harkar, ya durƙushe a ƙarshen shekarar. Kalifoniya ta yi doka a 2017 cewa sai an duba ko mutum zai iya biya, Fulorida ta ƙara tsaurarawa a 2024, CFPB kuma ta fitar da ƙa'ida a Disambar 2024 da ta sa a ɗauke shi kamar sauran bashin gida, aka sa mata ranar fara aiki 1 ga Maris 2026. Yanzu na gidajen zama kusan a jihohin nan biyu ya rage. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba zan ce ba shi da amfani ko ɗaya ba. Na manyan gine-ginen kasuwanci yana tafiya lafiya a jihohi da dama, domin a can sai bankin ginin ya amince kuma akwai lauyoyi a kowane ɓangare. Ko a gidan zama, mutumin da ya gama biyan gidansa, ba shi da niyyar sayarwa, rufi yana yoyo, kowane banki ya ƙi shi, kuma ya tabbata zai iya ɗaukar ƙarin harajin, yana iya samun mafita a nan. Amma ƙofar ƙarshe ce, kuma ba a shigarta a tsaye a falo da baƙo yana jiran sa hannu.

Sai maganar riba, wadda na san tun farko tana ran da yawa daga masu karatu. Rancen takardar wuta da PACE duka kuɗi ne aka ba ka za ka mayar da ƙari, ko wa ya karɓa kuma ko ta wace takarda. Na Mass Save kai abin da ka karɓa za ka mayar, duk da cewa wani ne ke biyan ƙarin a madadinka. PAYS a doka ba rance ba ne, kamfani ne ya sayi kaya ya sa, yana karɓar ƙayyadadden kuɗi, sai dai a cikin lissafinsa akwai kuɗin jarin da shi ya samo. Ya fi kama da ciniki ko haya fiye da rance, amma hukuncin na malamai ne. Shawarata a nan ita ce kada ka je wa malam da labarin baki, ka ɗauki yarjejeniyar kanta ka kai masa, in Turancin shari'a ya yi nauyi a samu mai fassarawa.

To, wa ya dace da wanne? Mai haya, da wanda makinsa bai yi ƙwari ba, da wanda bai san ko zai shekara biyar a garin ba, ya buga wa kamfanin wutarsa waya ya tambayi ko suna da caji a kan mita, in akwai kada ya duba wani. Mai gida da ya zauna daram kuma makinsa yana da kyau, ya fara tambayar rance marar ruwa a kamfani da ofishin birni, in babu sai na takardar wuta, ya zaɓi mafi gajeren wa'adin da zai iya. Ko wanne ne, a karɓi farashi daga 'yan kwangila uku. Akwai kuma hanyar da babu mai talla da zai gaya maka: raba aikin. Ba dole ba ne a yi komai rana ɗaya, kuma toshe kafofi da auduga su ya kamata su riga na'ura, domin gidan da aka toshe ƙaramar na'ura ta ishe shi.

Yaya ya kira kamfanin da ya saya masa gida washegari, suka ce yarjejeniyarsu ba ta yarda da wata jingina a gabansu ba. Ya nemi farashi daga mutum uku na rufi kaɗai, ya tarar na mai kwamfutar hannu shi ne mafi tsada. Ya kuma rubuta sunansa a shirin jiha na My Safe Florida Home, wanda ke ba da tallafi har dala 10,000 don ƙarfafa gida daga guguwa, tagogin kuma ya bar su sai layi ya zo kansa. Rufin, 'yan'uwa muka haɗa masa rance.

Ni kuma na raba nawa. Da kuɗin adashi ya zo hannuna aka toshe kafofin aka hura sabuwar auduga a saman silin, kamfanin gas ya mayar mini da wani abu a kai, tukunyar na ba ta shekara biyu nan gaba. Ranar da aka gama, mutumin ya dawo da jan ƙyallensa ya kunna fanka. Na je na sa bayan hannuna a soket ɗin falo, ban ji komai ba. Da yamma uwargida ta kwashe tawul ɗin daga gindin ƙofar kicin ta kai wanki.